Zalɓe a Bakin Tafki: Me Ya Sa Kora Ba Ta Magani?

A unguwannin da ke gefen biranen Ingila, gidaje da yawa suna da ɗan lambu a baya, kuma sau da yawa a tsakiyar lambun akwai ƙaramin tafki da maigida ya haƙa da hannunsa, ya shimfiɗa masa baƙar roba don kada ruwan ya tsiyaye, ya zuba kifaye masu launi. Kifayen nan na kallo ne, babu mai sa su a miya. Wasu jajaye ne kamar wuta, irin da mutanen Sin suka fara kiwo fiye da shekara dubu da suka wuce. Wasu kuma su ne koi, masu zanen fari da ja da baƙi, waɗanda manoman shinkafa na yankin Niigata a Japan suka soma tacewa tun ƙarni na 19. Da asuba, kafin kowa ya motsa a gidan, sai wani dogon tsuntsu mai ruwan toka ya sauka a kan rufin maƙwabci, ya tsaya yana kallo. In ya ga babu motsi, sai ya sauko kan ciyawa nesa kaɗan da ruwa, ya taka a hankali, yana ɗaga ƙafa ɗaya ya ajiye kafin ya ɗaga ɗayar, har ya shiga gefen tafkin. Daga nan sai ya ƙame kamar an dasa sanda. Yana iya yin minti goma bai ko girgiza ba. Sai kawai wuyan da ya naɗe ya miƙe a ƙiftawar ido, kifi ya bayyana a bakinsa yana fafutuka, ya juya shi ta kai, ya haɗiye. Wannan shi ne zalɓe, tsuntsun da duk wanda ya taso kusa da fadama ya sani, kuma a Birtaniya babu abin da masu tafkin lambu suka fi kuka da shi.

Kukan nasu yana da dalili. Kifin da aka rena shekara goma yana da suna a gidan, yara sun san shi, kuma wasu na da tsada ƙwarai: a shekarar 2018 an sayar da koi guda ɗaya a wani gwanjo a Japan kan yen miliyan 203. Na lambun talaka bai kai ko kusa da haka ba, amma zafin rashinsa ɗaya ne. Shi ya sa kasuwar kayan korar zalɓe ta bunƙasa, daga zalɓen roba da ake kafawa a bakin ruwa, zuwa madubai masu walƙiya, da na'urar da ke fesa ruwa idan ta ji motsi, da mai fitar da ƙara. Ra'ayina a nan shi ne mafi yawan kuɗin da ake kashewa a kan waɗannan kaya asara ce, domin sun ginu a kan tunanin cewa matsalar tana jikin tsuntsun, alhali tana jikin tafkin. Yadda aka haƙa shi, da yadda aka sabar da kifin, su ne suke gayyatar zalɓe. Wanda ya gyara ginin ruwansa ya sa shamaki tsakanin baki da kifi ya huta. Wanda ya dogara da tsoratarwa ko kisa zai yi ta yi har ya gaji.

Sai an san tsuntsun kafin a gane haka. Zalɓe mai ruwan toka yana kai kusan mita ɗaya a tsaye, faɗin fikafikansa ya haura mita ɗaya da rabi, amma nauyinsa bai cika wuce kilo biyu ba. Abincin da yake bukata a yini yana tsakanin giram 300 zuwa 500, ya fi haka idan yana da 'ya'ya a sheƙa. Duk ƙirar jikinsa ta farautar ruwa mara zurfi ce. Dogayen ƙafafunsa na tsayawa ne a inda ruwa bai kai masa ciki ba, kuma akwai wani ƙashi a wuyansa da ya fi sauran tsawo, wanda ke ba shi damar naɗe wuyan ya sake shi kamar kibiya. Idonsa ya iya lissafin yadda ruwa ke karkatar da hoton abin da ke cikinsa, don haka ba kasafai yake kuskure ba. Abin da ba ya iyawa sosai shi ne nutso. A wasu lokuta an ga yana faɗawa ruwa mai zurfi yana ɗan iyo, amma wannan ba al'adarsa ba ce, kuma kifin da ya nutse ƙasa da inda wuyansa ke kaiwa ya tsira. To, a dubi tafkin lambu irin na yau da kullum: gefensa a kwance yake don a jera tukwanen furanni, ruwansa garau ne saboda injin tacewa, zurfinsa bai wuce gwiwa ba, kifinsa kuwa an shekara ɗaruruwa ana tace launinsa don a hango shi daga nesa. Kifin kogi baƙi ne ko mai ruwan ƙasa a bayansa, ya saje da laka. Na lambu kuwa ja ne a kan baƙar roba. Ƙari a kan haka, an sabar da shi cewa duk inuwar da ta tsaya a bakin ruwa abinci ta kawo, sai ya taso sama da baki buɗe. Zalɓen da ya sauka a irin wannan wuri bai yi wata dabara ba, akushi ne ya tarar a buɗe.

Lokacin da ɓarnar ta fi yawa ma yana nuna haka. A Birtaniya zalɓe yana fara ƙwai da wuri, tun watan Fabrairu ko Maris, saboda haka a farkon bazararsu iyaye suna neman abincin baki huɗu ko biyar. A tsakiyar shekara kuma 'ya'yan da suka tashi daga sheƙa suna bazuwa, ba su ƙware da farautar kogi ba, sai su nemi mai sauƙi. Sai kuma hunturu, lokacin da ganyen bado da sauran tsiron ruwa suka mutu, kifi ya rasa mafaka, sanyi ya kashe masa jiki, ƙoramu suka daskare amma tafkin gida mai famfo bai daskare ba. Ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, tana ƙidaya sheƙunan zalɓe kowace shekara tun 1928, kuma ƙidayar ta nuna yadda yawansu ya faɗi warwas bayan matsanancin hunturun 1962 zuwa 1963, sannan ya farfaɗo cikin 'yan shekaru. Tsuntsu ne da rayuwarsa ke rataye da samun buɗaɗɗen ruwa mai abinci. Wanda yunwa ke iya kashewa a mako biyu na ƙanƙara ba zai fasa zuwa ba don an rataya masa tsohon faifai mai ƙyalli a reshe.

Nan ne batun tsoratarwa ke rushewa. Zalɓe yana da tsoro, gaskiya ne. Motsin labule a taga ya isa ya tashe shi. Amma yana da haƙuri da lura, kuma yana koyon bambanta abin da ke cutarwa da wanda ba ya yi. Manomin gero ya san wannan darasi daga mutum-mutumin da ya kafa a gona: kwana biyu tsuntsaye suna kaucewa, rana ta uku suna hutawa a kafaɗarsa. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Zalɓen roba ya fi kowanne rauni a hujja. An ƙirƙiro shi ne bisa cewa zalɓe yana kare wurin farautarsa, don haka baƙo zai kauce idan ya ga an riga shi. Wani lokaci haka ne, amma inda abinci ya wadata ana ganin su da yawa a wuri ɗaya, kuma ga ƙaramin da bai san gari ba, ganin ɗan'uwansa a bakin ruwa alama ce ta akwai kifi. Yadda suke sabawa da mutane ma abin mamaki ne. A birnin Amsterdam, zalɓe suna tsayawa a kan rumfunan kasuwar Albert Cuyp da yamma, cikin hayaniyar mutane da kekuna, suna jiran masu sayar da kifi su tashi. Tsuntsun da ya saba da tsakiyar kasuwa ba mujiyar roba ce za ta hana shi lambu ba. Wani zai ce ai shi ya kafa nasa zalɓen robar kuma tun daga nan bai sake asarar kifi ba. Ba na ƙaryata shi, sai dai zalɓe kan ɗauke ƙafa da kansa idan lokacin kiwon 'ya'ya ya wuce, ko idan kifayen da suka rage suka firgita suka lafe a ƙasa kwanaki ba su taso ba. Na'urar fesa ruwa ta ɗan fi sauran, domin ita tana taɓa jiki kuma tana zuwa ba zato, amma tana bukatar batir da famfo, sanyi na iya daskarar da ita, kuma rana ɗaya da ta ƙi aiki ta isa.

Sai masu cewa a harbe shi a huta. A Birtaniya doka ta rufe wannan ƙofa: dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta kashe zalɓe ko lalata sheƙarsa ba tare da lasisi ba, kuma a Amurka ɗan'uwansa mai ruwan shuɗi yana ƙarƙashin dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918. Amma ko da babu doka, kisa ba ya biyan bukata. Zalɓe yana tafiyar kilomita masu yawa daga sheƙarsa don neman abinci, kuma wurin da ya yi wa ɗaya daɗi zai yi wa na biyu. An kawar da tsuntsu, an bar dalilin zuwansa. Akwai kuma batun adalci, wanda nake ganin bai kamata a tsallake ba. Masu bincike na ma'aikatar gona ta Amurka sun yi nazarin zalɓe a manyan gonakin tarwada na jihar Mississippi, inda manoma suke ɗora masa asara mai yawa. Abin da suka gano shi ne mafi yawan kifin da yake kamawa a can mai ciwo ne, wanda ya taso sama ko ya raɓe gefe yana jiran mutuwa, lafiyayyen kuwa yana ƙasa inda baki ba ya kaiwa, sai fa lokacin da ake watsa abinci. Wato a irin waɗannan gonaki taruwar zalɓe sau da yawa labari ne take ba manomi cewa ruwansa ya lalace ko cuta ta shiga. Kada a ɗauki wannan a matsayin wanke shi a tafkin lambu, domin a ruwan da bai wuce gwiwa ba yana kama mai lafiya da mara lafiya, har ma yakan soki wanda ya fi ƙarfin maƙogwaronsa ya bar shi da rauni a baya, raunin ya ruɓe. Amma binciken ya tabbatar da jigon maganar: zurfin ruwa da halin da kifi ke ciki su ne ke yanke yawan ɓarnar, fiye da yawan tsuntsayen da ke shawagi a sama.

To mene ne ke aiki? Na farko shi ne gini, kuma ya fi araha a ranar haƙa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Masu kiwon koi da gaske suna gina tafkinsu da bango a miƙe, ba gangare, zurfinsa ya haura mita ɗaya, kuma sukan bar tazara tsakanin saman bango da fuskar ruwa yadda tsuntsun da ya tsaya a baki sai ya yi dogon miƙa kafin ya taɓa ruwa. Irin wannan tafki ba shi da wurin tsayawa a ciki, kuma daga waje saran ba ya kaiwa da ƙarfi. Wanda tafkinsa ya riga ya ginu da gangare yana iya rage ɓarna da mafaka: guntun bututu mai faɗi a kwantar a ƙasan ruwa, ko faffaɗan dutse a ɗora kan bulo biyu ya zama rumfa, ko a bar bado ya rufe wani sashe na fuskar ruwa. Kifin da ya ga inuwa yana bukatar wurin shigewa cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai kuma dabarar igiya, wadda ta ginu a kan al'adar zalɓe ta sauka a tudu sannan ya taka zuwa ruwa. Ana kafa ƙananan turaku kewaye da tafkin a ɗaura zare layi biyu, ɗaya a tsayin kamar santimita 20, ɗaya kamar 35, yadda ƙafarsa za ta ci karo da shi. Yana da arha kuma yana hana da yawa, ko da yake wanda ya matsu yakan koyi tsallakewa ko ya sauka kai tsaye cikin ruwan in akwai inda zai tsaya.

Abin da ba ya bukatar zalɓe ya ji tsoro ko ya yi kuskure shi ne raga. Ita kaɗai ce ke aiki ko ana gida ko an yi tafiya, da rani da damina. Sai dai yadda ake shimfiɗa ta shi ne komai. Ragar da aka jefa ta kwanta a kan ruwa ba ta hana komai. Tsuntsun yakan taka ta, nauyinsa ya nutsar da ita, ya soki kifi ta cikin ido, ya kasa fitar da shi, a wayi gari da gawa a ƙarƙashin raga. Dole a ɗaure ta tamau a kan katako ko ƙarfe, ta tashi sama da ruwa aƙalla taƙi ɗaya ko biyu, a danne gefunanta kada a bar kafa. Suka biyu ake yi mata, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko, tana ɓata kyan abin da aka gina don kallo. Wannan gaskiya ne, amma baƙar raga mai siririn zare ba ta cika fitowa a ido daga nesa ba, kuma ba dole ta zauna shekara duka ba: a sa ta a watannin haɗari da lokacin da ganyen ruwa ya mutu, ko a yi ta a kan firam da ake ɗagewa idan mutane suna zaune a lambu. Na biyu, raga tana kama abin da ba a nufa ba, bushiya da macijin ciyawa da ƙananan tsuntsaye masu zuwa shan ruwa. Wannan ya fi damuna, domin wanda ya ceci kifinsa ya shaƙe bushiya bai yi abin kirki ba. Maganinsa shi ne ragar ta zama mai ƙananan ido, a ɗaure ba sako-sako ba, a riƙa duba ta safe da yamma, a kuma ajiye kwanon ruwa a gefe don masu ƙishirwa. Wasu suna barin wani lungu mara zurfi a wajen ragar, da shinge a cikin ruwa da ke hana kifi shiga, don kwaɗi su samu hanya.

Maganar ba ta tsaya a Turai ba. Wannan zalɓen dai shi ne ake gani a dausayin Haɗeja da Nguru da bakin Tafkin Chadi, wasu mazauna ne, wasu kuma baƙi ne da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a Afirka ta Yamma. Akwai kuma ɗan'uwansa mai baƙin kai da ke sheƙa a manyan itatuwan cikin gari da damina, wanda ya fi farauta a tudu, yana cin ɓeraye da fara da ƙadangaru, amma ba ya ƙin kifi idan ya samu. Yanzu da kiwon tarwada ya shiga bayan gidaje a Kano da Kaduna da Zariya, a tankin siminti ko na tamfol ko ramin ƙasa a fadama, darasin nan ya zama na aljihu. Tankin siminti mai miƙaƙƙen bango ya riga ya yi rabin aikin, muddin ba a cika shi har baki ba. Ramin ƙasa mai gangare shi ne ya fi haɗari, musamman a makonnin farko da aka zuba 'ya'yan kifi masu tsawon yatsa, waɗanda tsuntsu ɗaya zai iya haɗiye da dama a zama ɗaya. Tarwada kuma tana da wata al'ada da ke fallasa ta: tana shaƙar iska kai tsaye, don haka takan taso sama lokaci zuwa lokaci ta buɗe baki, kuma idan ruwa ya ƙazantu tasowar takan yawaita. Mai kiwon da ya ga kifinsa yana raguwa ya kamata ya duba ruwansa kafin ya nemi gwafa, ya kuma tuna cewa guza yana shiga rami, kuma manyan tarwada suna cinye ƙanana idan ba a rarraba su bisa girma ba. Sau da yawa wanda aka gani a bakin ruwa shi ake ɗora wa laifin duka.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa shamaki ya fi kora, wanda masu kiwo ba su cika sani ba. Wasu tsutsotsi da ke shiga naman kifi, irin masu launin rawaya da ake gani kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar karfasa, suna girma ne a baki da maƙogwaron zalɓe. Idan ya tsoma baki a ruwa ƙwansu ya zuba, ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin dodon koɗi, daga nan ya fito ya huda jikin kifi, yana jiran wani zalɓen ya haɗiye shi. Tsuntsun da aka kora bayan ya yi minti biyar a cikin ruwa ya riga ya bar abin da zai bari, ko da bai kama ko ɗaya ba. Wanda raga ta hana shi taɓa ruwan bai bar komai ba.

Ga wanda gonarsa ta kai kadada da yawa, rufe ta duka da raga na iya fin ƙarfinsa, kuma a nan ne masu sukar wannan ra'ayi suka fi gaskiya. Amma ko a can ba kowane rami ne ke bukatar rufi ba. Ramin renon ƙanana shi ne ke ɗauke da mafi yawan haɗari kuma shi ne mafi ƙanƙanta, don haka shi ake fara rufewa. Manyan ramuka kuwa a zurfafa gefensu, a ja igiyoyi a samansu layi-layi don hana sauka, a kuma tsaya a wurin lokacin ba da abinci har kifi ya gama ci ya koma ƙasa, tunda a wannan rabin sa'ar ne lafiyayyen kifi ke zuwa inda baki zai same shi. Idan kifin ya kai rabin kilo, ya wuce abin da zalɓe ke haɗiya cikin sauƙi, sai a kwance ragar a mayar da ita kan ramin da aka zuba sababbi.